Fasfo a Ledar Burodi

Motar ta bar Manchester ta hau babbar hanya, amma har yanzu fasfon Zuweira yana aljihun babanta.

Ta gama jami'a, ita da ƙawarta Angelina suka shirya yawon ƙasashe da jakar goyo: babbar bas zuwa tashar ruwa ta Dover, jirgin ruwa na ferry zuwa Faransa, daga nan duk inda bas ta nufa. Angelina a Birmingham za ta shigo. Da safe a gidansu na Gorton, Baba Saaka ya ɗauke fasfon daga kan tebur ya ce zai riƙe mata, wai shi ma yana da gaisuwa a unguwar Erdington, can Birmingham, sai su tafi tare. Gaisuwar me! Mutumin da ko Longsight da ke nan kusa sayen nama sai an yi da gaske yake zuwa.

Ta san halinsa sarai. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. In bai so abu ba, sai ya sa shi a aljihu ya yi shiru har lokacinsa ya wuce.

"Baba, motar ba ta daɗewa a Birmingham fa."

"Na ji."

"Fasfon..."

"Yana nan. Ƙafa gare shi?"

Ya juya yana kallon tumakin da ke kiwo a gefen hanya. "Mutum da gadonsa, da heater ɗinsa na ɗumama ɗaki, ya goya gida a baya ya tafi neman wahala. Ni da na goya irin jakar nan, ba don daɗi ba ne."

Labarin nan a gutsure ta san shi: Tamale, Agadez a bayan akori-kura, Libya, sannan jirgin ruwa zuwa Italiya. Kullum in ya zo kan jirgin sai ya tsaya ya ce a kawo shayi.

"In kun isa boda, kada ki fara magana," ya ce. "Kada ki kalli soja cikin ido. Kada ki ba direba takardunki, ko ya rantse da Allah."

"Baba, babu soja. Sauka za mu yi, su duba, mu koma mota. Ferry ɗin ma ƙato ne, motar nan kanta cikinsa za ta shiga. Har wurin shan coffee akwai."

Ta nuna masa hotonsa a waya. Ya daɗe yana kallo.

"Ruwan dai shi ne ruwan," ya ce.

A Birmingham, Angelina na tsaye da jakar da ta kusa fin ta girma, tana ɗago musu hannu. Baba ya gyara hularsa ya sauka. Zuweira ta bi shi, haushi ya cika ta. In ya juya ya tafi haka, shi ke nan, sai ta ciro jakarta daga ƙasan mota ta san abin da za ta gaya wa Angelina.

"Baba, don Allah."

Ya sa hannu a aljihu. Abin da ya fito da shi da farko ba ta gane shi ba. Ledar burodi ce, an naɗe fasfon a ciki tam, an zagaye da salatif ta ko'ina. A sama ya rubuta sunanta da manyan baƙaƙe, da lambar wayar mamanta. Ashe ƙarar da ta ji da safe daga banɗaki ke nan, tana ta mita a ranta wai alwalarsa ta yi tsawo.

"Ruwa ba ya shiga," ya ce. "A jikinki za ki sa, ba a jaka ba. Jaka ake fara jefarwa."

"To sunana fa? Ai yana ciki."

"Wanda ya zauna kusa da ni a jirgin, ɗan garin Wa ne, can wajenmu. Da aka fito da gawarsa bakin gaɓa, takardunsa sun narke. Ba wanda ya san gidan da za a kira."

Ya faɗe shi ne a hankali, kamar mai ba da saƙon cefane. Tausayinsa ya kama ta.

Angelina ta ƙaraso tana dariya, ta tambaya da Turanci ko sandwich ne. Direba ya fara kiran masu tafiya.

Zuweira ta juya ƙunshin a hannunta. Ta san a Dover sai an sa ta yage shi a gaban layi guda, mutane na huci a bayanta.

"Baba, kafin mu shiga jirgi za su ce in buɗe. Da sauran salatif ɗin?"

Ya sa hannu a ɗaya aljihun. Ashe ya taho da shi.