A-kori-kurar Baba a Rakiyar Amarya

Motarmu ba don gudu ake ɗaukarta ba. A ƙauyukan da ke kewaye da garin Praya, idan za a raka ango da amarya a ƙafa zuwa gidan iyayen yarinya, tsohuwar a-kori-kurar Babana ce ke bin jama'a ɗauke da lasifikokin makaɗa. Aikinta ta yi tafiyar amarya, a hankali, ba tare da ta mutu ba. Da ita muke ci.

Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba, Kawu Sahdan, ƙanen Innata, ya karɓi tuƙi, sai motar ma ta tsiro da nata ciwon. A guje lafiya lau take. Da zarar an ɗaga ƙafa daga totur kuwa sai ta kama jijjiga, ta yi tari, ta mutu. A wani biki ta mace a tsakiyar titi, kiɗa ya ɗauke, dangin amarya suka yi ta shewa.

Jumadil, shugaban makaɗan, ya zo har gida.

"Bikin ranar Lahadi ne na ƙarshe," in ji shi. "Ta sake kunyata ni, na koma motar wani."

"Ba za ta mutu ba," na ce.

Kawu ya tuntsire da dariya. "Ji 'yar boko! Murni, a kwalejin Mataram ɗin har ta da matattu aka koya muku? Ko masu gareji sun gaji da ita."

"Masu garejin me suka yi mata, Kawu? Sun murɗa totur sama, tana ihu kamar za ta tashi. A haka za ka bi bayan amarya? Sai dai ka taka makaɗa."

Injin mota na karanta, kuma ban je makaranta don in rataye takarda a bango ba. Na ɗaure gashina na buɗe bonet. Na canza fulogai, ta mutu. Na wanke kabureta tas, na sa sabuwar matatar fetur, ta ɗan yi kamar ta ji sauƙi, ta sake mutuwa. Rana ta gasa mini ƙeya, salansa ta ƙona mini hannu. Matan unguwa suna wucewa zuwa gona suna cewa, "Wa zai auri mai warin fetur?" Inna ta ajiye mini shinkafa a gefen taya har ta huce. Na ci gaba da aikina.

Ranar Asabar na zauna na kasa kunne. Ƙarƙashin ƙarar injin akwai wani siririn sauti, kamar mai zuƙar kofi da zafi. Iska take sha ta inda bai kamata ba. Amma ta ina? Ido bai gani.

Kawu na kan benci yana busa tabarsa mai kanumfari.

"Kawu, zo ka yi aikin da ka fi iyawa."

"Wanne?"

"Hayaƙi."

Na kashe motar, na toshe bakin kabureta da leda, na zaro tiyon da ke shiga cikin injin na miƙa masa. "Zuƙa, ka hura nan."

"Yarinyar nan ta mayar da ni mafuri!" Amma ya hura. Ya sake hurawa har idanunsa suka yi ja, yana tari yana zagina. Can sai ga siririn farin hayaƙi yana fita daga gindin kabureta, ta bayan da hannu ba ya kaiwa. Shimfiɗar da ke tsakaninta da injin ce ta tsage.

Na yanka sabuwa daga takarda mai kauri da ake sayarwa don haka, na ɗaure, na mayar da totur inda ya kamata. Na murɗa makulli. Injin ya tashi ya zauna daram, har kofin kofin Kawu da ke kan bonet bai motsa ba.

"Hayaƙina ne ya warkar da ita," in ji Kawu.

"To na gode. Makullin kuma yana hannuna."

Ranar Lahadi ni na tuƙa. Amarya ta saka sabon takalmi mai tsini, tana tafe kamar mai taka ƙwai. A hawan gada jerin ya tsaya cak, 'yan rawa suka tare hanya suka ƙi gaba. Na ɗaga ƙafa daga totur. Jumadil ya juyo yana kallona, ni ma na kalle shi. Motar ta ci gaba da numfashinta, kiɗa na tashi, har suka gaji da rawa don kansu.

A ƙofar gidan iyayen amarya Jumadil ya leƙo ta taga. "Akwai biki Alhamis a Kopang. Wa zai tuƙa?"

"Wa ka gani a kujerar?"

Da na dawo gida na tsaya daidai tagar ɗakin Baba, ban kashe motar ba. Na bar shi ya saurara. Ya daɗe yana ji, sannan ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya buga katakon gado, ya kira Inna ta kawo mini abinci da zafinsa.