Dariyar da Aka Yi wa Nkoli

Haladu ne ya rubuta dokokin taron da hannunsa. Su goma sha biyar ne ke haɗuwa duk Asabar a wani ɗakin koyon kwamfuta a Tudun Wada, suna mayar da wata manhajar asibiti zuwa Hausa, irin wadda kowa ke da damar buɗewa ya gyara. Doka ta uku ta ce ba a yi wa kowa ba'a kan harshensa ko addininsa, wanda ya yi kuwa za a dakatar da shi.

Nkoli ma'aikaciyar jinya ce, haifaffiyar Jos Jarawa. Hausarta ta kasuwa ce, ba ta raba "ya" da "ta". Ranar da layi ya zo kanta, ta tsaya gaban allo ta ce, "Idan mace ya zo da ciki, sai a danna nan."

Malam Zainulabideen, mai ɗakin, wanda ya koya wa Haladu kwamfuta tun daga tushe, ya ce, "To fa! Yau ga namiji da ciki." Ɗaki ya kwashe da dariya. Ya sake faɗa, yana kwaikwayon muryarta. Haladu bai yi dariya ba, sai dai ya sunkuyar da kai.

Nkoli ta ƙarasa bayaninta da Turanci ta zauna.

Da aka tashi ta tare shi a bakin titi.

"Oga Haladu, wannan doka naka, don wanene?"

"Ki yi haƙuri. Kin san Malam babba ne. Zan yi masa magana."

Sau biyu ya je gidan Malam da niyyar haka. Aka sha shayi, aka taɓa hira, ya tashi da maganar a bakinsa.

Asabar ta zagayo, Nkoli ba ta zo ba. Wadda ta biyo baya, Cordelia da Siman, waɗanda ita ta kawo su, su ma ba a gan su ba. Da Haladu ya kira Nkoli, sai ta ce yanzu tana aiki ran Asabar.

"Sun canza miki ne?"

"A'a. Ni na roƙa."

Bayan wata guda Malam ya dubi kujerun da ba kowa, ya ce, "Wai ina yarinyar nan ta asibiti?"

Duk ɗakin aka zuba wa Haladu ido.

"Aiki ne ya yi mata yawa, Malam."

"Allah sarki," in ji Malam. "Ga ta da ƙoƙari."