Takardar da Goggo Ta Nema

"Ka karɓi takardar, ko ba ka karɓa ba?"

Tela ya tsaya da kofin ruwa a hannu. Ya shigo ne duba Goggo, maƙwabciyarsa mai wanki, wadda ciwon ƙirji ya kwantar wata biyu ke nan. Ɗakin yana warin man zafi da sabulu.

"Goggo, sha ruwa tukuna."

"Shekara saba'in ina shan ruwa. Takarda nake tambaya."

Shekara ashirin tana wanke rigunan ƙungiyar ƙwallon yaran unguwa, kuma ita ke riƙe da makullin ɗakin da suke canza kaya a bakin fili. Dokar ƙungiya ba ta da kwana-kwana: duk babban da zai horar da yara sai ya kawo takardar 'yan sanda da shaida daga inda ya yi aiki. Tela ne sakatare, da hannunsa ya rubuta dokar. Sai ga shi sabon kocin ƙanin matarsa ne, wanda ya baro wata makaranta a wani gari bai faɗi dalili ba. Wata uku ke nan, kullum sai Tela ya ce gobe zai nemi takardar.

"Ɗan gida ne, Goggo. Da wane ido zan dube shi?"

"Da wanda kake zura zare a allura." Tari ya sarƙe ta, sai da ya tallafe ta ya lafa. "Wanda ya ɓata mini ɗa ma ɗan gida ne. A kwanona yake ci. Kunya ta hana ni tambaya. Ɗan nawa yanzu har ya yi furfura, ga ni kwance, ya kasa tako unguwar nan."

Tela bai taɓa jin wannan ba, alhali katanga ɗaya ce tsakaninsu. Ta lalubo makullin a ƙarƙashin matashi ta danna masa a tafin hannu.

"Ban ce ƙanin matarka ya yi komai ba. Cewa na yi a tambaya."

Ranar Laraba da hantsi ta cika. 'Yarta ta fita shanya, ta dawo ta tarar an gama.

Bayan kwana uku sai ga kocin a shago, yana kaɗa usur a yatsa.

"Yaya, Allah ya jiƙan tsohuwa. Ba ni makullin, Asabar mai zuwa muna da wasa."

Tela bai ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ba. "Ina takarda?"

"Haba, Yaya! Ni ma sai ka auna ni da tef?"

"Kowa ya shigo nan ana auna shi."

"Wato ni abin zargi ne."

"Ban ce ba. Ba ni lambar shugaban makarantar da ka baro, in kira shi yanzu a gabanka. Minti biyu, ka ɗauki makulli."

Kocin ya ciro waya, ya daɗe yana shafa ta. Ya ce lambar ta ɓace. Ya ce zai nemo. Ya fita bai yi sallama ba, kuma bai dawo ba.

A gida matar Tela ta dire masa abinci kamar ta fasa kwanon. "Ka zubar mana da mutunci saboda maganar wadda ke ƙarƙashin ƙasa. Me zan gaya wa babarmu?"

"Ki gaya mata lambar waya na nema."

Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su. Iyayen yara ma suka yi ta ƙorafi an soke wasa. Haka mutane suke, sun fi son a ci musu ƙwallo a kan a yi musu tambaya. Tela ya gaji da bayani, ya daina.

Ranar Asabar da yamma ya rufe shago, ya ja bakanike maƙwabcinsa suka tafi fili, don doka ta ce sai da manya biyu a wurin yara. Cikinsu babu wanda ya san komai a ƙwallo. Yara suka raba kansu, suka yi ta gudu da gardama. Tela ya zauna a kan tsohuwar taya, bayansa yana ciwo. Iyaye suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ɗibar 'ya'yansu, wasu ko kallonsa ba su yi. Inuwar raga ta miƙe a hankali har ta taɓa ƙafarsa, yana zaune, saura yara biyu ba a zo ɗauka ba.