Wankan Jirgin Wilfred

Clifford yana durƙushe yana goge siririn layin dogon da tsumma aka ce matar Wilfred ta iso. Ya miƙe da ƙyar, gwiwarsa tana ƙara.

A ɗakin taron wani coci a Doncaster tsofaffin wata ƙungiyar masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa suka gina gari guda a kan tebur: tasha, gada, ramin kwal, da jiragen ƙasa da kan kowannensu bai wuce tsawon cokali ba. Al'adarsu ce idan ɗayansu ya rasu a janye jirgin kowa gefe, a saki na mamacin ya zaga garin shi kaɗai, kowa da hularsa a hannu. Yau ranar Wilfred ce, abokin Clifford tun suna 'yan makaranta.

Jirgin Wilfred kuwa ba na wasa ba ne. Kan jirgin da mahaifinsa ya ƙare ƙuruciyarsa yana zuba wa kwal ne, an ƙanƙanta shi, har lambar da ke jikinsa. Bayan Wilfred ya gama haɗa shi sai ya zauna yi masa dauɗa da garin launi da burushi siriri kamar gashin ido: baƙin hayaƙi a bakin bututu, tsatsa a gindin ƙafafu, farin zane inda ruwa ke yoyo daga tukunyar injin. A wurin mutanen nan jirgi mai ƙyalli kayan kanti ne, ba ya amsa sunan jirgi sai ya yi datti irin na gaske. Haka Allah ya yi su, ba mai raba su da abinsu. Saura Wilfred ya fesa abin da zai riƙe launin, sai ciwo ya kwantar da shi, bai sake tashi ba.

Doreen, matar Wilfred, ta shigo cikin baƙin kwat, rungume da kwalin takalmi. Ba ta taɓa tako ƙafarta nan ba. Cewa take ta bar wa tsofaffin yara wasansu.

"Sannu da zuwa, uwargida. Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai godiya, Clifford. Ga mutumin naku."

Ta buɗe kwalin. Jirgin yana kwance a kan auduga, kore shar, sai sheƙi yake. Ba hayaƙi, ba tsatsa, ba komai. 

"Da kun ga yadda na same shi!" in ji ta. "Ka san da ciwon ya yi tsanani bai iya kula da komai ba. Na ce wallahi ba za a ga kayan mijina haka a cikin mutane ba. Da tsohon burushin haƙori na bi shi lungu-lungu."

Malcolm, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya cire tabarau. "Kai! Ai wannan dattin shi ne..."

Clifford ya take masa ƙafa. "Je ka duba shayi, sarkin surutu." Ya juya wurinta. "Ya yi kyau, Doreen. An gode."

Ya ɗora jirgin a kan layi da hannu biyu, ya murɗa wuta. Huluna suka sauka. Jirgin ya bar tasha a hankali, ya hau gada, ya shige ramin dutse ya fito. Clifford yana kallo, amma ba ya ganin hannun abokinsa a jikinsa ko kaɗan. Ya ji kamar yau ne aka sa Wilfred a ƙasa.

Da jirgin ya zo wucewa ta gefen da aka jera na sauran, Doreen ta bi shi da ido. Sai idonta ya tsaya a kan jerin. Wannan baƙi ƙirin, wancan ja da tsatsa, na Malcolm har da toka a rufi. Ta daɗe tana dubansu ɗaya bayan ɗaya.

"Clifford," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Duk naku haka suke?"

Clifford ya mai da idonsa kan jirgin da ke zagayawa.

"Kai nake tambaya. Kar ka mai da ni yarinya. Da gangan ya yi?"

"Da gangan."

"Ya daɗe yana yi?"

"Ya daɗe. Shi ne aikinsa na ƙarshe."

Ta dafa bakin tebur. "Kullum sai ya kira ni in zo in gani. In ce masa ina wanke-wanke."

Jirgin ya dawo tasha, Clifford ya kashe wuta. Ba wanda ya mai da hularsa.

"Za ka iya mayar masa?"

Zai iya, har ya fi Wilfred iyawa, kowa a ɗakin ya sani. Ya ce, "Zan iya. Amma fa hannuna ne zai zama, ba nasa ba."

Ta girgiza kai. Ta ɗauki jirgin, ta juya shi don ta kwantar a kwali, sai ta tsaya. A can ƙasan cikinsa, tsakanin ƙafafu, inda burushinta bai kai ba, akwai sauran baƙi da ja da bai fi faɗin farce ba.

"Wannan nasa ne?"

Clifford ya sunkuya ya duba. "Nasa ne."

Malcolm ya matso da kofin shayi, ya miƙa hannu zai taya ta riƙe jirgin.

"Kar ka taɓa," in ji Doreen. "Launin gogewa yake yi."