Gaisuwar Ƙarshe ga Kofur Shakir

Saje Arzika ya sauko daga tasi a ƙofar maƙabartar Nasim, ya duba hagu, ya duba dama. Babu kowa sai wata mage da ke hamma a inuwar katanga.

Shi ne shugaban ƙungiyar tsofaffin sojoji mazauna Riyad, kuma in za a faɗi gaskiya, shi ne ƙungiyar gaba ɗaya. A waya kam suna da yawa. In ya kira taro sai kowa ya turo hoton babban yatsa ya koma barcinsa: wannan kafilinsa, wato ubangidansa a wurin aiki, bai sake shi ba, wancan gwiwa ta motsa. Amma yau ba taron shan shayi ba ne. Kofur Shakir ya rasu a masaukin ma'aikata, aka binne shi a ranar, ba tsohon soja ko ɗaya a wurin. Arzika ya ce a haɗu wannan Juma'a bayan la'asar a ƙame masa gaisuwar ƙarshe. Ya kuma yi wa kansa alkawari, in ba wanda ya zo, yau zai rushe ƙungiyar kowa ya huta.

Ya shiga shi kaɗai, zuciyarsa a jagule. Kaburbura ne jere-jere har iyakar gani, ba suna, ba lamba, sai ɗan dutse a kan kowanne. Zafi na tashi daga ƙasa yana kaɗa su a hankali, har Arzika ya ga kamar layukan suna motsi. Sai ya ga kansa a filin fareti na Zariya da sanyin safiya, badujala na tashi, takalma na dukan ƙasa tare. Ga Shakir can a layin baya, saurayi mai fala-falan kunnuwa, yana jefa ƙafar dama lokacin da kowa ke jefa ta hagu. Arzika ya buɗe baki zai daka masa tsawa, sai ya ji hawaye a kumatunsa.

Can nesa wani mutum ya ɓullo cikin shuɗin kayan aiki. Kayan na lebura ne, tafiyar kuwa ta hafsa ce.

"Manjo Basiru!" Arzika ya ƙame. "Ranka ya daɗe, ka zo!"

"Sauke hannunka, Saje," in ji Manjo a hankali. "Na ɗauka ka riga ka tafi. Sauran ma sun zo, kowa da ranarsa."

"Kowa da ranarsa? Me na yi musu, Yallaɓai?"

Manjo ya dubi tafin hannunsa da sabulu ya cinye. "Kowane taro sai ka ce mutum ya miƙe ya faɗi muƙaminsa da inda yake aiki yanzu. Ni in ce me? Manjo Basiru, mai wankin motoci a Unguwar Ofisoshin Jakadanci? A gaban yaran da na horar? Wallahi ba mu ƙi juna ba, Saje. Wannan tsayuwar muke gudu."

Kunya ta rufe Arzika. Shi a ganinsa tsari yake kiyayewa, ashe shekara da shekaru tonon asiri yake yi.

"Wanne ne kabarin Shakir?" Manjo ya tambaya.

"Ban sani ba, Yallaɓai."

Suka tsaya a gaban sababbin kaburbura, kafaɗa da kafaɗa. Arzika ya cika ƙirji da iska, umarnin ƙamewa ya taso masa har maƙogwaro. Ya haɗiye shi. Ƙungiyar ba za ta mutu yau ba, sai dai akwai abin da zai bari a nan.

"Malam Basiru," ya ce, "ja mana addu'a."

Mai wankin motoci ya dube shi jim, sannan ya ɗaga hannuwansa.