Mai Raɗa a Ƙofar Marke

A bakin shagon Siddiƙu, tsohon dillalin hatsi na Ƙofar Marke, aka ƙulla maganar. Mu'az, ɗan ƙanwarsa, ya shimfiɗa kwali a kan benci. Ya zana gari a kai, da ganuwa da rijiya ɗaya a tsakiya.

"Kawu, wasa ne na haɗa. Kowa zai ɗauki mutum ɗaya na garin ya riƙa magana da bakinsa. Akwai aljani cikin rijiyar, yana lalata mutane. Shi nake so ka zama."

Siddiƙu ya ce, "Karanta min aljanin in ji."

Mu'az ya karanta: ƙaho, jajayen idanu, wuta daga baki.

"Wanga ko akuya ba ya ruɗi," in ji Siddiƙu. "Wa ka tsayawa ciniki da mai ƙaho? Mugu da sallama yaka zuwa. Ya ja ka gefe, ya ce ɗan'uwanka ya riga ya yarda, kai kaɗai ka saura."

Mu'az ya rubuta wannan da sauri. Suka shirya: Siddiƙu zai zama aljanin, ya kuma kawo abokan zamansa a gwada wasan da su, shi kuwa Mu'az zai riƙa kai shi gonarsa ta Dundaye a mashin duk Asabar har damina ta fita.

Abokan zaman biyu ne, Jelani tela da Abdulrasheed mai goro. Shekara talatin suna haɗuwa a bencin nan bayan la'asar. Tun da matar Siddiƙu ta rasu, 'ya'ya suka watse, zaman nan ne kaɗai wurin da ake kiran sunansa a yi dariya.

Aka ba Jelani matsayin mai tsaron ƙofar gari, Abdulrasheed ya zama sarkin kasuwa. Aljanin kuwa suka sa masa suna Mai Raɗa. Dokar ita ce, in zagaye ya zo kansa, ya ja mutum ɗaya bayan shago ya yi masa tayi a asirce.

Abdulrasheed bai wahalar da shi ba. Ranar farko ya sayar da rumbun garin a kan rawani.

"Tsohon banza," in ji Jelani, "ko a kwali ba a bar maka amana!"

Aka yi ta dariya. Amma Jelani ya gagara. An yi masa tayin zinariya, ya ƙi. An yi masa tayin sarauta, ya ce shi da ƙofa aka sani. Kwana huɗu Siddiƙu na jan sa gefe yana dawowa hannu wofi.

"Dillali ya tsufa," in ji Abdulrasheed. "Tela ya hi ƙarhinka."

Maganar ta zauna wa Siddiƙu a ƙirji. Shi da bai taɓa riƙe mai saye da mai sayarwa suka rabu ba a sallama ba. A rana ta biyar ya ja Jelani bayan shago, ya yi ƙasa da murya.

"Buɗe min ƙofa in ba ka kan sarkin kasuwa. Ya riga ya sai da kai."

"Ƙarya kake, Mai Raɗa. Abokina na."

"Abokinka? To wa ya kai maganarka ga liman, ya ce muryarka ta mutu, anka amshe maka kiran salla?"

Jelani ya yi shekara ashirin yana ladanci a masallacin unguwa kafin a ba wani. Bai taɓa sanin wanda ya sa aka cire shi ba. Siddiƙu ya sani, kuma shekara tara yana riƙe da bakinsa.

Jelani ya dube shi. "Wanga cikin wasa ne, ko waje?"

Da Siddiƙu ya ce cikin wasa ne, da an wuce wurin. Amma ya ga cinikin ya kusa faɗawa, sai ya yi shiru, irin shirun da yake yi a kasuwa in mai saye ya fara laushi.

Jelani ya koma benci ya ce, "Na buɗe ƙofa. A kashe sarkin kasuwa."

Mu'az ya buga tafi. "Kawu, me ka gaya masa? Wallahi wasan ya yi!"

Jelani bai zauna ba. Ya ce wa Abdulrasheed, "Muryata ta mutu, ko? Kullum kana ba ni goro da hannun nan." Ya sa takalmansa ya tafi.

Abdulrasheed ya daɗe yana kallon Siddiƙu. "Ni na yi, ban musu ba. Na ji tsoron a riƙa yi mai dariya ne a lasifika. Kai mi ka ji tsoro?"

Siddiƙu ya je gidan Jelani sau uku, ana ce masa ba ya nan, alhali yana jin ƙarar keken ɗinki daga zaure. Abdulrasheed ya sauya hanyar zuwa kasuwa. Jelani ma ya koma salla a wani masallaci.

Mu'az ya ci riba. Ya buga wasan a kwali mai kyau, abokansa na unguwar Gidan Dahala suna ta yi, suna cewa ba su taɓa ganin mugu mai daɗin baki irin Mai Raɗa ba. Jelani ya rasa aboki, Abdulrasheed ya rasa mutuncinsa a idon Jelani. Siddiƙu kuwa, da ya ci wasan, shi ya fi kowa asara. Yana nan bakin shago bayan la'asar, in mai wucewa ya yi sallama ya amsa har sau biyu, ko zai tsaya.