Gurbin Nomau a Cikin Buta

Jiya da hantsi, ba ma da dare ba, Nomau mai fatsa ya yi wani mafarki a ƙarƙashin bargo.

Abin da ya kwantar da shi a irin wannan lokaci kuwa, sanyin bana ne ya kama masa ƙirji. Matarsa Tabawa ta ɓoye takalmansa da sandar fatsarsa, ta ce shi da bakin gulbi sai ɗari ya wuce. Nomau kuwa tun yana saurayi bai saba yini a ƙarƙashin rufi ba. Ya wasa ƙugiyoyinsa har sun rame. Ya murɗa zare, ya warware, ya sake murɗawa. Amma ba zaman ne ya fi cin ransa ba. Akwai wani gurbi mai zurfi a gulbi, inda manyan tarwaɗa ke taruwa idan ruwa ya yi sanyi, kuma duk garin shi kaɗai ya san wurin. Abokinsa Jatau ya daɗe yana neman gurbin nan, yana bin sawunsa da sunan neman saiwar magani. Yanzu ga Nomau a ɗaki, ga Jatau da ƙafafunsa lafiya lau. Da wannan tunani barci ya sace shi.

Sai ya ga kansa tsaye a bakin ƙofa, ba takalmi, ya yafa bargo, da buta a hammata. Bai leƙa butar ba, amma ya san gurbinsa ne a ciki, da kifayen, da laka, da itatuwan bakin ruwan duka. Butar ba ta yi nauyi ba. Jefi-jefi tarwaɗa kan bugi gefenta da wutsiya, shi kuwa sai ya yi tari don kada a ji.

Ya buɗe ƙofa zai fita, sai ya faɗa wani ɗaki. Ya buɗe ƙofar wannan, ya faɗa wani. A can ya tarar da wata zabuwa zaune a kan turmi, ta sa hular sanyi, tana kallonsa da ido ɗaya.

"Ina zuwa, Baba?" in ji zabuwa.

"Waje."

"An naɗe waje. Sai bazara za a shimfiɗa."

Ta nuna masa lungu da baki. Ga hanyoyin gari an nannaɗe kamar tabarmi an jingine da bango: hanyar kasuwa, hanyar gulbi, har da 'yar siririyar nan da ke bi ta bayan masaƙa. Nomau ya lura hanyar gulbi ba ta naɗu daidai ba, kamar wani ya warware ta ya mayar cikin sauri. Ya ce, "Wa ya taɓa wannan?"

"Me ke cikin bargonka?" in ji zabuwa.

"Ƙirjina."

"Ƙirjinka na da wutsiya."

"Haka na gidanmu suke."

Zabuwa ta juyo ɗaya idon, ta dube shi da shi ma. Ta ce ya wuce, amma ya sani ta gani.

Sai ga shi a wani dogon zaure wanda ba a hango ƙarshensa. Nan aka tara duk mutanen da ba su iya zaman ɗaki ba, kowa na neman yadda zai kashe yini. Wani maharbi ya kwanta rub da ciki yana yi wa matashin kai sanɗa. Matashin na kiwo a bakin gado, yana ɗaga kunne. Wani mai ɗiban zuma yana hawan taɓarya, tun safe yake hawa, an ce ya kusa rabi. Wani tsohon mai yawon daji yana tafiya a wuri ɗaya, matarsa na jan bango a hankali ta gefensa don ya ga kamar yana wucewa. In ta gaji ta tsaya, sai ya ce, "Mun iso?" ta ce, "Mun iso," ya zauna ya cire ƙaya daga ƙafa.

Babu mai kallon ɗan'uwansa ido da ido, amma kowa na kallon hammatar kowa. Maharbi na da ƙunshi a hammata, mai zuma na da ƙwarya. Nomau ya gane kowa ya shigo da nasa wurin, kowa kuma na son ya san na wani. Ya ƙara matse butarsa.

A gefe guda rana na kwance a kan gadon kara, an lulluɓe ta, tana tari. Nomau ya durƙusa ya ce, "Sannu da jiki." Rana ta ce, "Yauwa. Rufe min ƙafa." Ya ja mata bargo, ya taɓa ƙafar, ya ji ta sanyi ƙalau.

A tsakiyar zaure akwai kaskon wuta guda ɗaya tak, mai kula da shi kuwa Jatau ne. Yana tsugune yana rawar ɗari, haƙoransa na kaɗawa. Nomau ya tsaya nesa kaɗan ya ƙare masa kallo. Rawar ɗarin ta yi kyau da yawa, kamar wadda aka koya. Ga kuma ɗanyar laka a dugadugansa, a garin da aka naɗe waje.

"Ka zo, mutumina?" in ji Jatau. "Matso mana, kana tsaye kamar baƙo."

"Nan ma ya isa. Ina ka samo laka?"

"Gado na yi. Me ka riƙe?"

"Buta."

"Ta alwala?"

"Ta alwala."

"Alwalarka na motsi, Nomau."

Maharbi ya baro matashinsa ya zo ya yi wa Nomau bayani. Ya ce wutar garin nan ba ta cin itace, ba ta cin gawayi, sai labarin daji, shi ma sai na gaskiya. Kowa da ranar da zai ciyar da ita. Shi jiya ya faɗa mata inda bareyi ke shan ruwa, ta ci har ta yi gyatsa. Ya buɗe ƙunshinsa ya nuna: babu komai sai ɗan kashin barewa. "Yanzu kowa ya san wurin," in ji shi, "har mai zuma. Yau kai ne."

Nomau ya ce shi ba ya jin sanyi. Maharbi ya ce ba don shi ba ne. In wutar ta mutu, mai kula da ita ne zai fara daskarewa. Suka duba Jatau tare. Ƙafafunsa sun riga sun zama na randa, jar ƙasa gasasshiya, ruwa na tsattsafowa. Nomau ya ƙwanƙwasa gwiwar da yatsa don ya tabbata, ta yi ƙara irin ta randa. Duk da haka bai gama yarda ba, don ya san Jatau na iya aron ƙafa.

Ya tsuguna gaban kasko ya ce, "Akwai wani gurbi a bayan tudun gabas, kifin wurin sai an ɗaure shi da igiyar rakumi." Nan take hayaƙi ya tuɗaɗo, bai yi sama ba, ya yi ƙasa, ya bi dabe yana cizon mutane a yatsun ƙafa. Zaure ya kaure da tsalle. Mai zuma ya zamo daga taɓarya, hawan yini guda ya tashi a banza, ya zauna yana harararsa.

"Ƙarya ce," in ji maharbi. "Ba ta cin ƙarya."

Nomau ya sake gwadawa da ƙaramar gaskiya. Ya faɗi inda yake tonon tana, a gindin rijiyar lambu. Wuta ta ɗan lasa, ta fito da harshe ɗaya kamar na ƙadangare, ta mayar. Randa ta hau Jatau har ƙugu.

"Bar shi, mutumina," in ji Jatau da wata siririyar murya. "Riƙe butarka. In na zama randa ka ce wa iyalina su ajiye ni a inuwa."

Wannan magana ta ƙara wa Nomau zargi, don Jatau bai taɓa haƙura da komai ba tun suna yara. Amma ya kama hannunsa, ya ji sanyin ya wuce na wasa. Ya tuna Jatau ne ya taɓa goyo shi daga gulbi har gida ranar da kunama ta harbe shi, yana tafe yana zaginsa don nauyi. Randa ta kai ƙirji.

Sai dabara ta zo masa. An ce a faɗa wa wuta, ba a ce a faɗa wa jama'a ba. Ya ja bargo ya rufe kansa tare da kaskon, ya kai baki dab da garwashi, ya yi raɗa.

"In ka wuce dutsen masu wanki, kada ka bi hanya. Bi ta cikin ciyawa."

Garwashi ya yi ja. Wuta ta ce, "Daga nan fa?"

"Sai ka tarar da giginyar da ta faɗi. Ka taka ta ka haye."

"Na haye. Daga nan fa?"

Nomau ya ɗan dakata. Muryar wutar ta yi masa kama da wata murya da ya sani, mai ɗan kaushi, mai warin goro. Amma ɗumi ya fara ratsa shi, butar na ta rage motsi a hammatarsa, bakinsa kuma ya ƙi tsayawa.

"Ka yi ta tafiya ruwa na hannun damanka, har ka ga kuka biyu. Gurbin na gindin ɗaya."

"Wacce?" in ji wuta. "Wacce daga ciki, mutumina?"

Zabuwa ta leƙo cikin bargon, tana buga baki a jikin butar, ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Ya buɗe ido. Cokali ne ke bugun kofi. Tabawa ce tsaye a kansa tana dama masa citta da zuma. Ga kasko a tsakar ɗaki, ga Jatau tsugune a bakin gado ya miƙa hannuwa yana jin ɗumi, ya kawo kunnensa kusa da matashi. Dugadugansa duk laka.

"Sannu da jiki," in ji Jatau. "Dubiya na zo. Koma barcinka, kada na katse ka."

"Tun ɗazu kake surutu, Malam," in ji Tabawa, "shi kuma yana amsa maka. Na ce ya tashe ka, ya ce barcin marar lafiya magani ne."

Nomau ya tashi zaune a hankali. Ya shafa hammatarsa, babu buta. Ya dubi Jatau, Jatau ya dubi rufi.

"Wai kukokin nan," in ji Jatau, kamar wanda ke tambayar lafiyar iyali, "ta gabas ko ta yamma? Don kada in wahalar da ƙafa."

Kafin Nomau ya ce uffan, hayaƙin kasko ya shiga wa Jatau maƙogwaro, ya yi tari sau ɗaya, ya yi maza ya danne na biyu.

"Kin ji, Tabawa?" in ji Nomau. "Irin nawa ne sak, haka ya fara min. Takalmansa da ke bakin ƙofa, ki kai su inda kika kai nawa. Ki aika gidansa a ce yana nan sai bazara."

Tabawa ta ajiye kofi, ta dubi Jatau sama da ƙasa, ta fita. Suka ji ta sunkuya a bakin ƙofa ta ɗauki wani abu.

Nomau ya matsa gefe, ya ɗaga masa bakin bargo. "Shigo, mutumina. Amma kai za ka fara barci."